Kafin ki mayar da gashinki dada: abin da ya kamata ki auna a Kano

Kitso da niyyar tsefewa ake yin sa. Shuku ne ko kalaba ko zane, bayan sati biyu ko uku kin warware, kin wanke, kin taje, kin sake wani. Dada, wato gashin da ake bari ya kulle ya zama igiyoyi, ba haka yake ba. Ranar da aka tsaga miki kai aka murɗa igiyar farko kin yi sallama da mataji, kuma tsagar ranar ita za ki zauna da ita shekara da shekaru. Shi ya sa hoton da kika gani a Instagram, na mace da igiyoyi har gadon baya, bai isa ya zama dalili ba. Wancan gashin ya shekara biyar ko fiye ana yi masa hidima. Abin aunawa shi ne ko zamanki na yau da gobe a garin nan, da hijabinki da ruwan gidanki da ibadarki, zai ɗauki wannan hidimar.

Yadda gashin ke kullewa

Kowace rana kan mutum yana zubar da silin gashi tsakanin 50 zuwa 100. Mai taje kai tana ganinsu a bakin mataji ta zubar. Mai dada kuwa nata ba sa faɗuwa, a cikin igiyar suke maƙalewa su cuɗe da masu rai, da haka igiya ke yin kauri da nauyi. Don haka kada wani ya ce miki dada na sa gashi saurin tsiro. Tsiro yana nan yadda yake, kusan santimita 1 a wata. Tsawon da ake gani ya samu ne saboda an daina tsinka bakin gashi da mataji da rilaksa.

Wata 3 zuwa 6 na farko murɗi ne kawai, ruwa kaɗan ya warware shi. Daga nan zuwa shekara igiyoyin su kumbura a tsakiya, kai ya yi buzu-buzu, tsawon ma ya ragu har ki rantse gashinki komawa ciki yake. Bayan shekara su yi taurin kai, kowace ta miƙe ta kama gabanta. Sai wajen wata 18 zuwa shekara 2 bakinsu ke rufewa su kwanta. Gashi mai ƙarfi mai cukurkuɗewa ya fi saurin kamawa. Mai santsi, irin na wasu Fulani da Shuwa, yana jan lokaci, yana kuma yawan zamewa. Mai hijabi ta ci riba ɗaya a nan, domin 'yan waje ba za su ga watannin muni ba. Amma na cikin gida zai gani.

Fara da duba kan

Idan akwai rilaksa a gashinki, wurin da ya miƙe ba ya kullewa da kyau, kuma mahaɗarsa da sabon tsiro ita ce wurin da ya fi rauni, can igiya za ta tsinke idan ta yi nauyi. Ki bar sabon gashi ya kai santimita 5 zuwa 8, wato wata biyar zuwa takwas ba rilaksa, sannan a datse miƙaƙƙen.

Ki tsaya gaban madubi ki ɗaga gaban goshi da gefen kunnuwa. Idan kitso mai ja ya riga ya cinye wurin, dada zai ƙarasa shi, don nauyi ne da ba a saukewa dare da rana. Haka mai amosani mai yawa, ko makero, ko ƙuraje masu ruwa, ko wani fili da gashi ya zube ya bar fata tana sheƙi: likitan fata tukuna, akwai su a Asibitin Malam Aminu Kano, a warke sannan a yi maganar dada. Maganin shafawa ya fi isa fata idan ana iya buɗe gashi. Mai jego ita ma ta dakata. Wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa gashi kan zuba sosai, musamman a gaba, kuma igiyar da aka kafa a kan tushen da ke zuba sirancewa take yi ta faɗo.

Bushewa, inda yawanci ake faɗuwa

Igiyar dada tana shan ruwa kamar soso. Bayanta zai bushe ki taɓa ki ji garau, cikinta kuwa sharkaf. Gwajin shi ne ki kama mafi kauri a ƙeya, ki matse ta da yatsu biyu kusa da tushe. In kin ji sanyi ko danshi ya taɓa yatsanki, da saura. Gajeru sirara sukan bushe cikin awa biyu zuwa huɗu a iska. Dogaye masu kauri suna iya cinye yini guda. Idan aka tufke su da danshi, aka ɗora hula, aka ɗora ɗankwali, aka zura hijabi, to an haɗa wa fumfuna duk abin da take so: duhu, ɗumi, laima. Warin rima ke fara fitowa, kuma in ya zauna a cikin igiya turare ba ya kore shi, sai dai ya haɗu da shi su ba da wani warin na daban.

Yanzu ki kawo lissafinki na gaskiya. Matar aure da wanka ke kama ta sau uku ko huɗu a sati, ta yi shi kafin Asuba, ƙarfe bakwai da rabi kuma tana cikin adaidaita sahu za ta wurin aiki, yaushe kanta zai bushe? Wannan tambayar ta fi kowace nauyi a duk shawarar. Amsarta ba lallai ta zama a fasa ba, amma tana tilasta abubuwa uku: igiyoyi sirara, tsawon da bai wuce kafaɗa ba, da draya a gida tare da wutar da za ta ja ta. Draya ta hannu tana cin wuta ƙwarai, ƙaramin janareta ko ƙaramar sola ba lallai su ɗauke ta ba. Idan unguwarku sai a yini ba a ga wuta ba, ki sa wannan a ma'auni.

Yadda ake yi bayan wanka: a matse igiyoyin tuli-tuli da hannu daga sama zuwa ƙasa, a naɗe da tsohuwar riga ta auduga mai baƙin launi minti goma, a sauya wata busasshiya, sannan draya a matsakaicin zafi, ana farawa daga tushe. Tawul mai gashi-gashi, musamman fari, yana barin zare a jikin igiya, kuma zaren da ya shige ciki ba ya fita.

Kowane lokaci na shekara da irin nasa. A bazara, watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, gumi yana taruwa a tushe ƙarƙashin hijabi, dole a wanke duk sati kuma a buɗe kai da zarar an shigo gida. A damina, musamman Agusta, bushewa na ninka lokacinta. Hunturu kuma ƙura ce da bushewar fata, ga zaren bargo da hular sanyi. Maganin wannan hular yadin satin mai santsi ce a ƙarƙashin komai, dare da rana. Yadi ɗaya daga Kantin Kwari zai fitar miki da hula biyu ko uku wurin tela. Idan kuna sayen ruwa wurin 'yan garuwa, ki sani wankin dogon dada da ɗauraya mai kyau na iya cinye jarka guda, domin kumfar da ta rage a ciki ita ke zama farin datti daga baya.

Alwala da wanka

Asalin hukuncin kitso sananne ne. A hadisin da Muslim ya ruwaito, Ummu Salama, Allah Ya ƙara mata yarda, ta tambayi Manzon Allah (SAW) ko za ta warware kitsonta don wankan janaba, ya ce a'a, ya ishe ta ta kamfaci ruwa sau uku ta zuba a kai. Risala ma, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ce mace tana cuɗa gashinta ne, warware kitso ba dole ba ne a kanta. Sai dai malaman Malikiyya sun sa sharaɗi: ruwa ya ratsa ya isa fata. In kitso ya yi tsananin da ruwa ba ya shiga, sai an warware. Wasu malaman kuma, musamman Hanbaliyya, suna wajabta warwarewa a wankan haila.

Dada ba ya warwaruwa, saboda haka nauyin yana kanki ki riƙe shi a halin da ruwa ke shiga. Tsaftataccen dada yana shan ruwa har tsakiya idan aka jiƙa aka matsa. Wanda aka cika da kakin zuma ko basilin kuwa ruwa zamewa yake a bayansa. A wanka ki fara da yatsu a tsakanin tsaga har fata ta jiƙe ko'ina, sannan ki bi igiyoyin kina matsawa kina saki.

Game da shi kansa dadan, za ki ji masu halattawa in dai gashinki ne kuma yana da tsafta, za ki ji masu ƙyamata saboda barin taje kai ko kamanceceniya da wasu mutane. Ki kai tambayar wurin malamin ko malamar da kika yarda da iliminsu, amma ki kai ta da cikakken bayani: gashina ne ba ƙari, ruwa na ratsa shi, ba a iya warwarewa sai da wahala ko almakashi. Yawancin amsoshin da ke karo da juna daga gurguwar tambaya suke fitowa.

Abin da ba shi da ruɗani shi ne ƙarin gashi. Bukhari da Muslim sun ruwaito tsinuwa a kan mai ƙarawa da wadda ake ƙara wa. Da yawa daga dogon dadan da ake gamawa a yini ɗaya a salun, gashin wani ne aka saƙa a bakin naki, ko na roba aka naɗe a kan kalaba. Ki tambaya ƙarara kafin a taɓa kanki. Ulu da zare malamai sun yi saɓani a kansu, wannan ma a tambaya.

Mutanen gida

A garin nan mutane da yawa in sun ga dada 'yan Rasta suke tunawa, wato aƙidar da ta taso a Jamaika a shekarun 1930, ko mawaƙa, ko 'yan shaye-shaye, wasu ma masu taɓin hankali. Ko wannan fahimta daidai ce ko ba daidai ba, da ita za ki zauna. Matar aure ta yi maganar da maigida tun kafin a tsaga, ta nuna masa hoton wata na takwas, ba na shekara ta biyar ba. Budurwar da aka sa wa rana ta bari sai bayan biki, domin akwai kitson amarya, akwai masu gyaran jiki da za su buɗe kan, akwai gwaggo da inna da ba za su yi shiru ba. Ɗalibar da makarantarsu ke ba da kitson sati ba ta da wannan zaɓin ma tukuna. Ta ɓangaren ado kuwa, in ya girma ɗaurin ɗankwali yana zama daram ba sai an nemi acuci ba, amma shuku da zane sun tafi ke nan.

Hanyar farawa da girman tsaga

Murɗi da ƙaramin mataji ya dace da gajeren gashi, yana ba da igiya zagayayya mai kyau, amma shi ya fi tsoron ruwa. Mai yawan wanka za ta wahala da shi. Murɗin biyu-biyu yana son gashin da ya kai santimita 10, ya fi jure ruwa, sai dai zanen murɗin kan daɗe bai ɓace ba, wata shida har shekara. Farawa da ƙananan kalaba ya fi su duka riƙo, kuma kowace mai kitso ta iya, amma igiyar takan fito da ɗan faɗi kuma zanen kalabar na iya wuce shekara.

Ga macen da ruwa ke taɓa kanta a kai a kai, abin da ya fi dacewa shi ne saƙa: a zura bakin igiya ta cikin tushenta da allura a jawo, ana sauya kusurwa kowane zuri. Tun ranar farko ana iya wankewa. Aibinsa yana hannun mai yi. Idan ta zura sau biyu ta kusurwa ɗaya, tushen ya rabe biyu ya bar rami, ramin kuma can igiya ke tsinkewa bayan watanni. Akwai kuma allurar kuroshe mai bakin milimita 0.5 zuwa 0.75, wadda ake cusa gashi da ita ya kulle nan take. A hannun gwana tana da kyau, a hannun mai gaggawa kuwa gutsuttsura gashin take daga ciki, ba za ki sani ba sai igiya ta fara laushi a tsakiya.

Tsaga mai faɗin kusan santimita 2 tana ba da igiya mai kaurin fensir, kai ya ɗauki 80 zuwa 120 gwargwadon cikar gashi. Ƙananan nan da ake kira Sisterlocks, waɗanda Dokta JoAnne Cornwell ta fito da su a Amurka a 1993, sukan kai 400, kafa su na cin yini biyu ko fiye, kuma gyaransu duk sati 4 zuwa 6 ne ba fashi. Sun fi saurin bushewa, sun fi kwanciya a ƙarƙashin hijabi, sun kuma fi cin kuɗi da zama. A layin goshi kada a yi tsaga ƙanana don neman kyau, gashin wurin ba shi da ƙarfi, tushe mai faɗi yake so.

Wa zai yi miki

Akwai maza a cikin masu wannan aikin. Ki tabbatar akwai mace, akwai kuma wurin da za ki buɗe kai ba idon maza, ko ta zo gida. Ki nemi ganin kan da ta kafa shekara guda da ta wuce, ba wanda ta gama jiya ba, don sabon murɗi kowa ya iya sa shi sheƙi. Ki tambayi kuɗin gyara, ba na kafawa kaɗai ba, ki ninka shi sau bakwai ko takwas, kuɗin shekararki ke nan.

Gyaran tushe, wato murɗa ko saƙa sabon tsiro, duk sati 6 zuwa 8 ya isa, kada ya gaza sati 4. Yawan murɗawa don tsaga ta fito fes shi ke sirantar da tushe. Idan an gama kika kasa ɗaga gira, ko kika nemi maganin ciwon kai, ko ƙananan ƙuraje suka feso a layin goshi, an ja da yawa. Ki jiƙa da ruwan ɗumi ya saki, kada ki daure. Haka tufka: kada kullum ta zama wuri ɗaya da roba mai matsewa.

Mayukan da za ki rabu da su

Duk abin da ya shiga igiya ba mataji da zai fito da shi. Man shanu yana tsami a ciki. Man kaɗe da basilin suna daskarewa su kama ƙura su zama farin ƙulli, ki fasa igiya ki gan shi a tsakiya. Garin chebe ba ya fita ko an wanke sau nawa. Karkashi da kwandishina santsi suke sawa, santsi kuwa abokin gaban kullewa ne, a bar su aƙalla shekarar farko. Lalle sai an tace shi da ƙyalle an yi amfani da ruwan kawai. Humra a shafa a wuya da tufafi, ban da igiya. Turaren wuta ba laifi in kan ya bushe sarai, amma a nisanta kasko, gashi mai maiƙo yana kama wuta.

Abin da ya rage kaɗan ne, kuma ya isa: ruwa a kwalbar fesawa, ɗigon man zaitun ko na kwakwa a fatar kai sau biyu a sati, da shamfu garai-garai wanda ba mai kauri kamar madara ba, a tsinka kashi 1 da ruwa kashi 3. Sabulun salo sai an jiƙa an tace, kuma da ruwan wasu rijiyoyin burtsatse yana barin dusa-dusa. Duk wata biyu ko uku a jiƙa kan minti biyar a khal na tuffa kashi 1 da ruwa kashi 4, a ɗauraye sosai. Bayan kowane wanki ki bi tushe da yatsa ki raba igiyoyin da suka fara haɗewa, tun suna da danshi.

Uwar yara 'yan makaranta ta tuna da kwarkwata. Ba a iya taje ƙwanta daga dada, sai maganin kemis sau biyu, tsakaninsu kwana 7 zuwa 10, wani lokacin ma sai an yanke. Fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari kada su kusanci kai ko kusa, suna ratsa fata suna kisa.

Gwaji kafin a kafa

Ki sa a yi miki ƙananan murɗin biyu-biyu da gashinki zalla, ki bar su sati shida zuwa takwas ba mataji. Ki yi duk wankanki da su, ki duba agogo ki ga awa nawa suke ɗauka su bushe, ki ga yadda fatar kanki ta yi, ki ji abin da maigida ya ce a sati na biyar lokacin da suka tashi. In kin ƙosa ki tsefe tun sati na uku, kin samu amsa da araha. In kuwa kin ji daɗinsu, ba sai an warware ba, su ne za su zama dadan.

In kika fasa daga baya

A wata shida na farko tsefewa ce kawai mai ɗan wuya. Bayan ya nuna kuwa aiki ne ja. Ana datse bakin igiya santimita 1 zuwa 2, a jiƙa ta sharkaf da ruwan ɗumi da kwandishina, a riƙa tsinkar ta da kibiya daga baki zuwa sama kaɗan-kaɗan. Igiya ɗaya na iya cin rabin awa ko fiye, kai mai igiya 100 kuwa kwanaki ne, da masu taya ki. Tulin gashin da zai fito zai tsorata ki, amma yawancinsa wanda ya riga ya zuba ne tun tuni: ko sili 50 ne a rana, a shekara ya haura 18,000. Wanda aka yi da saƙa ko kuroshe ya fi wuyar warwarewa nesa ba kusa ba.

Hanya ta biyu ita ce ki daina gyaran tushe wata biyar ko shida, sabon gashi ya kai santimita 5 zuwa 6, a yanke igiyoyin daga inda kullin ya fara. Abin da ya rage ya isa mai kitso ta kama ƙananan zane, kuma kin kauce wa aske kai ƙwal, wanda malamai suka hana mace in ba da larura ba. A watannin jiran nan ki ci gaba da raba tushe duk bayan wanki, in ba haka ba sabon gashin zai dunƙule ya zama faifai ɗaya a tsakar ka, sai an yanke shi har ƙasa.